Kwat ɗin Aksinte Mai Shela

Talata, 4 ga Nuwamba, da hantsi

To rubuta, koana, uwar ɗakina. Ki fara da sunana, Paraskiva, matar Aksinte mai shelar gari. Matarsa za ki sa, bakina bai saba da ɗayar kalmar ba tukuna. Ki kuma sa cewa ke ce mai rubutun, Aglaya matar Fadan cocinmu, kar gobe wani ya ce tsohuwa ta koyi boko da furfura. Ni ko sunana aka rubuta a bango, wucewa zan yi ban gaishe shi ba.

Ke kika ce in daina hira da murhu, in faɗa miki ki riƙa rubutawa. To ga ni.

Yau sati uku. Ranar waliyyiyar da na ci sunanta ya tafi, ranar da ya saba shigo mini da tuffa a aljihu.

Jiya na gama ɗinke kwat ɗinsa, shuɗin nan mai maɓallan tagulla da duk garin nan ke ganewa tun daga nesa. Ba da shi aka binne shi ba. Rigar aurenmu aka sa masa, don a lokacin kwat ɗin ba abin shiga coci ba ne. Na wanke da toka, na sake wankewa, ruwan bai daina canza launi ba sai da hannuna ya tsage. Yagewar a baya take, daga wuya har tsakiyar gadon baya. A baya, koana, ki rubuta shi da kyau. Likita ya ce santsi ne ya kwashe shi a ƙofar shagon aski ranar zaɓe. A wancan satin ko yayyafi ba a yi ba, amma likita a Paris ya yi karatu, ya fi ni sanin santsi.

Saura arba'in ɗinsa, Asabar ashirin da biyu ga wata. Ranar zan miƙa kayansa ta saman kabari, riga da wando da takalma da hula da kwat, ga Pintiliye mai jan ruwa, don faɗin kafaɗarsu ɗaya. Abin da na miƙa a nan, shi Aksinte zai sa a can lahira. Mutumin da ko da bazara da bargo yake kwana, yanzu da 'yar rigar lilin yake tsaye a can, ga sanyi ya fara sauka daga duwatsu. Wannan ne ke hana ni barci. Ba wani abu ba.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Sun aiko daga ofishin magajin gari an karɓi gangar shelarsa. Wai ta gari ce. Na miƙa. Kafin ɗan saƙon ya buɗe baki na gaya masa kwat ɗin kuwa Aksinte ne ya ɗinka da guminsa, ya je ya faɗa musu.

Juma'a, 7 ga wata, da rana tsaka

Serafim ya zo.

Ɗana ke nan, shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda na haifa. Tun yana saurayi ya bi 'yan wasan kwaikwayo ya bar gari. Bai samu jana'izar ba, yana can bakin teku da mutanensa. Yanzu sun zo su duka, da keken dokinsu da akwatunansu da matansu masu jan baki, sun kama babban zauren masaukin Bagirke.

Ya rame. Ya aske gashin baki ƙwal kamar wanda ya fito daga kurkuku, wai aikin ne ke son haka. Ya sumbaci hannuna, ya zauna a kujerar ubansa bai sani ba, ni kuma ban tashe shi ba. Na ɗora masa tuwon masara da cuku, ya ci kamar ba a ba su abinci a can.

Ya tambaye ni yadda abin ya faru. Na ce ya je ya tambayi mai aski, a ƙofarsa aka yi. Ya ce ai daga can yake, mai aski ya ce shi ranar ya rufe tagoginsa saboda iska. Na ce to ka ji.

Sai idonsa ya kai kan kwat ɗin a rataye bayan ƙofa. Ya tashi ya juya shi, ya bi ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ya mayar da shi yadda yake. Da ubansa ba su taɓa shiri ba. Yana yaro ya ɗauki gangar a ɓoye, ya hau kan rijiyar kasuwa yana kwaikwayon maganar magajin gari na lokacin, mutane suna faɗuwa don dariya. Aksinte ya jawo shi gida da kunne, ya ce da manya ba a wasa, su suke wasa da mutum. Ashe yaron ya riƙe.

Asabar, 8 ga wata, bayan coci

Kin gan su ai, ke ma kina wurin. Konu Yorgu da Konu Manolake, manyan garin nan da ake wa laƙabi da konu, sun fito daga coci hannu cikin hannu, suna ta ja-in-ja kan wa zai fara wucewa ta ƙofa, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fi shi girma.

Mutanen nan biyu wata nawa suka yi suna yaga juna kan kujerar majalisa. Yorgu shi ne magajin gari a lokacin, Manolake lauya na son ture shi. Da bazara Aksinte ya zaga gari da ganga yana shelar cewa wanda aka kama da jaridar Manolake ya kuka da kansa. Yanzu Yorgu ya samu majalisarsa a Bukares, babban birni, Manolake ya hau kujerar magajin gari da Yorgu ya bari. Kowa ya samu. Har liyafa suka yi da makaɗa, ana jiyo su daga nan, ni kuma ina matse tsumma a goshin Aksinte.

Aksinte ba ya karatu, kin sani. Akawu ne ke karanta masa takarda, ya maimaita, ya haddace, ya fita. Shekara da shekaru haka. Gwamnati ta faɗi, wata ta hau, ya yi wa wannan shela da safe, ya yi wa waccan da yamma, murya ɗaya. In mutane suka tare shi suka ce Aksinte, jiya ba haka ka ce ba, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, ni dai abin da aka ba ni nake faɗa. Ba wayo ba ne, iyakar gaskiyarsa ke nan.

Ranar zaɓen da tsakar rana aka ba shi abin da zai faɗa. Mutane na kan layi, akwatin ƙuri'a ko buɗe shi ba a yi ba, aka ce ya fita ya yi shelar wanda ya ci. Ya shigo ya sha ruwa, ya ce mini, Kiva, yau abin da aka ba ni da nauyi. Na ce to ka ce cikinka na ciwo. Ya ce bai taɓa ba.

Ya isa haka. Ki ajiye.

Litinin, 10 ga wata, da la'asar

Na ba Serafim kwat ɗin. Ki bari in faɗa a jere, kar ki dube ni haka.

Ya zo da safe ya ce sun shirya sabon wasa, na dariya, kan wani gari da ake zaɓe. Akwai manya biyu a ciki, mai tumbi da siriri, suna zagin juna da sunan ƙasa da ci gaba. Akwai mai shela, shi zai fito a mai shelar. Ya ce duk manyan garin nan sun riga sun kama kujerun gaba, su da matansu.

Na ce to Allah ya ba da kasuwa, me ya shafe ni.

Ya ce, "Mama, zan sa su dariya har su saki jiki. In an kai ƙarshe, masu gora za su rufe ni, in faɗi, in juya musu bayan kwat ɗin nan, in ƙi tashi. A bar labule a buɗe. Su zauna su kalle shi su da matansu, gari kuma ya kalle su."

Na ce kwat ɗin ba nawa ba ne ba nasa ba, na mai jiran sa ne a can.

Ya ce, "Aro ne. Kwana biyu. Ke ba kya son ko sau ɗaya su sunkuyar da kai?"

Ina so, koana. Abin da ya ci ni ke nan. Na ga Manolake a raina yana neman inda zai sa idonsa ya rasa. Na sauko da shi da hannuna, na naɗe a zane, na ce kar ya bari kowa ya taɓa shi, kuma Asabar ya dawo mini da shi. Ya rantse da kabarin uban.

Kar ki gaya wa Fada tukuna.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Ƙusar bayan ƙofa ba komai a kanta. Sai in juya in ga kamar Aksinte ya fita aiki ne.

Juma'a, 14 ga wata, da hantsi

Jiya suka fara. Ni ban je ba, mai baƙin kaya ba ta zuwa wurin wasa. Shi ya zo ɗazu ya ba ni labari, yana zaune yana murza hularsa.

Ya ce zauren ya cika har tagogi. Da mai tumbin ya fito yana jawabi, yana cewa ƙasa, ƙasa, yana lalubar aljihun na kusa da shi, Konu Yorgu ya yi dariya har da hawaye, yana zungurar Manolake yana cewa wannan kai ne sak. Da siririn ya fito yana rantsuwa da tsarin mulki yana sayar da gadar gari, Manolake ya buga ƙafa ya ce a'a, ga ka nan dai, Yorgu. Kowa ya ga ɗan'uwansa, ba wanda ya ga kansa.

Na ce to da ka faɗi fa.

Ya ce ya faɗi. Ya juya baya. Ya ƙi tashi. Aka bar labule a buɗe kamar yadda ya tsara.

Na ce sai me.

Ya ce sai suka ci gaba da dariya. Wani daga baya ya yi ihu, tashi mana, an ba ka sabuwar takarda. Zauren ya sake fashewa. Yana kwance yana jin katako na rawa a ƙarƙashinsa saboda buga ƙafa. Daga baya magajin gari ya aiko musu da kwandon giya, ya kira mai ƙungiyar ya ce wasa ya yi kyau, irin wannan ne ke nuna gari ya waye, ko a Paris sai haka. Abu ɗaya kawai, ƙarshen ya yi sanyi, akwai mata a wurin. Mai shelar ya tashi mana.

Na ce to ka gwada ka gani, kawo mini kayana. Ya ce gobe.

Asabar, 15 ga wata, da yamma

An shiga azumin Kirsimeti. Bai kawo ba.

Yara sun wuce ta ƙofata suna buga tsohon bokiti, ɗaya ya sauke kafaɗar hagu yana cewa ni dai abin da aka ba ni nake faɗa, sauran suna bin sa da kara. Ba don ni suka yi ba, ba su ma san ina tsaye ba.

Litinin, 17 ga wata, da safe

Na je. Jiya Lahadi sun yi na rana saboda mutanen ƙauye, na rufe fuska da gyale na tsaya can baya wajen ƙofa, cikin masu warin tumaki. Ki gaya wa Fada in kin ga dama, ya ɗora mini horon da zai ɗora.

Ban taɓa shiga irin wurin ba. An zana shagon aski a jikin ƙyalle, har da kwanon da ake ratayewa a ƙofa. Manyan biyu suka fito suna ta kumfar baki. Ba zan ɓoye miki ba, da mai tumbin ya ce zai mutu don talaka amma a bari ya gama cin abinci tukuna, sai da na toshe bakina da gyale. Haka Yorgu yake magana, har yadda yake shafa sarƙar agogonsa.

Sai na ji ganga.

Koana, ya shigo ta gefe, kafaɗar hagu a sauke saboda igiyar ganga, yana jan ƙafar nan da sanyi ya taɓa, yana gyara murya sau biyu kafin ya fara. Ban san yaron ya kalli ubansa haka ba. Ni da na ɗauka ko fuskarsa ba ya son gani. Na manta inda nake. Na ce a raina ga shi can, bai ci komai ba tun safe. Maɓallan da na goge da hannuna suna ta ƙyalli.

Mai tumbi ya ba shi takarda, ya yi shela. Siriri ya ba shi wata, ya yi shelar kishiyarta. Suka yi ta juya shi kamar dutsen niƙa. Duk sanda ya ɗaga kafaɗa zai faɗi maganar nan tasa, zauren ne ke riga shi faɗa, baki ɗaya, kamar amin a coci.

Sai masu gora suka fito. Gorar ƙyalle ce aka cusa wa ciyawa, in an buga sai ƙura ta tashi. Suka zo masa ta baya. Ta baya, ashe kowa ya san ta baya ne. Na duba kujerun, ga mai aski can yana riƙe da ciki, shi da ya rufe tagoginsa saboda iska. Ga likita. Ga akawun da ya karanta masa takardar. Ga wasu ƙarti biyu da na sani, 'yan unguwar mahauta, da tun ranar zaɓe ba sa bi ta layinmu, suna nuna wa juna da hannu wai ba haka ake riƙe gora ba.

Ya faɗi. Na ga ɗinkina tun daga inda nake. Na ce to yanzu, ɗana, kwanta. Kwanta kawai.

Ya ɗan jima. Sai ya ɗaga kai ya leƙa hagu da dama, ya miƙe, ya kakkaɓe kwat ɗin, ya ɗauki ganga, ya shiga gaban waɗanda suka doke shi yana yi musu kiɗa, manyan biyu na rungume da juna a bayansa. Har da 'yar rawa.

Aka tashi tsaye ana tafi. Wata mata kusa da ni ta share hawaye ta ce mini, baba, kin taɓa ganin abin dariya irin wannan? Na ce ban taɓa ba.

Litinin ɗin dai, da la'asar

Ya zo. An gaya masa an gan ni.

Ya ce in bai tashi ba za a hana su zauren, mutum goma sha wani abu ne ke ci daga wasan nan, ga sanyi. Ya ce wani babba daga gidan wasan Bukares ya gani, yana son su kai shi can. Ya ce a Bukares akwai masu ilimi, za su gane abin da ke ƙarƙashin dariyar.

Na ce, "Nan da suka san shi, suka san wanda ya riƙe gorar, ba su gane ba. Sai can?"

Ya ce ban san yadda aikin yake ba, dariya ma makami ce. Na ce na ga makamin, ciyawa ce a ciki.

Can ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bai taɓa yin wasa mai kyau kamar wannan ba. In ya sa kwat ɗin, ƙafarsa da kanta take jan ƙasa. Ya ce shekarunsa nawa yana yawo ba wanda ya san sunansa, sai yanzu. Yana faɗa yana kuka. Ban rarrashe shi ba. Na ce Alhamis in ga kayana, in ba haka ba in zo in tuɓe shi a gaban mutane.

Talata, 18 ga wata, da rana

Na haɗu da magajin gari a bakin kasuwa, na je sayen alkamar koliba, dafaffiyar alkamar da za a raba don mamaci. Na so in kauce, ya tare ni, har da cire hula.

Ya ce, "Baba Kiva, ɗanki abin alfaharin garin nan ne. Marigayi ma ya shiga tarihi. Ba kowane mai shela ake tunawa da shi haka ba."

Ya ce zamanin da ne ake jin haushin wasa, yanzu ƙasa ta ci gaba, shugaba na gari shi ne wanda ake yi wa dariya ya taya. Ya ce duk ranar da nake son kallo in faɗi sunansa a ƙofa, za a ba ni kujera kyauta.

Na ce na gode, konu. Na sumbaci hannunsa. Hannun na da taushi, yana ƙanshin sabulu. Shekara sittin ina sumbatar hannuwa, bakina ya riga ni.

Laraba, 19 ga wata

Na tsince alkama. Ba na son magana yau.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Ya dawo da shi. A bakin ƙofa na tsince shi da safe, a naɗe cikin zanena, bai ƙwanƙwasa ba. Wuyan duk farar hodar da suke shafawa, aljihu cike da ciyawa. Warin Aksinte ya fita, sai warin fitila da zufar wani. Ɗinkin dai bai motsa ba. Na goge, na shanya, na ce to Allah na gode, an wuce wurin.

Sai na aika aka kira Pintiliye ya zo ya gwada, kar ranar a ga hannun ya yi masa tsawo. Ya shigo, ya gwada riga, ya gwada takalma, yana ta sa albarka. Da na ɗauko kwat ɗin sai ya ja da baya har ya taka kyanwa.

Ya ce, "Baba Kiva, ki yafe ni. Sauran duk na karɓa. Wannan kam a'a."

Na ce ulu ne mai kyau, zai kai shi shekara goma.

Ya ce, "Na sani. Amma ni kullum a titi nake da ganga ta ruwa. In na sa wannan, yaran garin nan ba za su bar ni in sayar da ko moɗa ɗaya ba. Jiya ma ba kwat a jikina wani ya ce in yi musu shela. Talaka ne ni, amma ban kai nan ba."

Na ce a cire maɓallan. Ya ce ko an rina shi baƙi an san shi.

Ban ga laifinsa ba. Ki rubuta ban ga laifinsa ba.

Juma'a, 21 ga wata, bayan coci

Na bi mabaratan ƙofar coci ɗaya bayan ɗaya da kwat ɗin a hannu. Mutanen da ke rawar sanyi cikin tsumma. Gurgun ya ce ya yi masa yawa. Na kusa da shi ya ce shi ba ya sa shuɗi. Makahon ya shafa maɓallan, ya gane, ya ɗaga kafaɗa ya fara, ni dai abin da aka ba ni, sauran suka kwashe da dariya. A ƙofar coci, ranar idi.

Mijinki ya ce in samo wani kwat ɗin ko na gwanjo ne, Allah ba ya duba launi. Fada mutumin kirki ne, amma bai zauna da Aksinte ba. Mutumin da ko cokalin wani ba ya ci da shi. In aka kai masa kwat ɗin da bai sani ba, zai ce ba nasa ba ne, an yi kuskure, ya ajiye a gefe ya ci gaba da jin sanyi yana jiran mai shi.

Da na dawo na tarar da Serafim a tsakar gida. Ya ji labari. Gobe da rana za su kama hanyar Bukares. Ya ce in ba wanda zai karɓa, in ba shi, shi zai sa.

Na ce ai ka san ba a ba na gida. Abin da aka ba jini a gida yake tsayawa, ba ya ƙetarawa. Sai bare, wanda ba ka haɗa komai da shi ba, shi ne hannunsa ke kaiwa can.

Ya ce wannan zancen tsofaffi ne. Na ce to tsohuwa ce ke da kwat ɗin.

Asabar, 22 ga wata, da la'asar

Kina wurin, amma ki rubuta, don ke kin tsaya ta bayan Fada, ba ki ga fuskarsa ba.

Mutane ba su zo da yawa ba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka muna shiga maƙabarta, ta farko a bana. Fada ya yi addu'a, aka zuba ruwan inabi a kan ƙasa, aka ɗaga koliba. Na miƙa wa Pintiliye riga da wando da takalma da hula ta saman kabari, ɗaya bayan ɗaya, ina cewa don ran Aksinte, yana cewa Allah ya gafarta masa. Ya koma gefe.

Saura kwat a hannuna. Na duba waɗanda suka zo cin koliba, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ƙanƙara na sauka a kan kabarin, tana sauka a kan ulun. Na ce a raina yau ne ranar ƙarshe, daga yau an rufe masa hanya, da abin da ya samu zai zauna har tashin matattu.

Serafim na tsaye a ɗaya gefen kabarin da jakar tafiyarsa.

Na ce, "Kai bawan Allah, daga wane gari?"

Ya ce, "Mama."

Na ce, "Ban san ka ba. Tambayarka nake, baƙo ne kai ko ɗan gida? In ɗan gida ne ka matsa, ba naka ba ne."

Fada ya yi gyaran murya, ya buɗe littafinsa yana duba abin da ya riga ya karanta. Yaron ya dube ni, ya dubi kwat ɗin. Na ba shi lokaci, koana, Allah ya gani na ba shi. Da ya ce ɗan gida ne, da na rungume shi, mu bar tsohon da sanyinsa, mu san yadda za mu yi da shi in mun je. Can bakin hanya mai keken dokinsu ya buga ƙararrawa.

Ya ce, "Baƙo ne."

Na miƙa masa ta saman kabari na ce don ran Aksinte. Ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya gafarta masa. Ya sa a take, kamar yadda ake yi. Ya zauna masa daidai.

Na ba shi koliba a ganye kamar kowane baƙo. Ya ci a tsaye, ya tafi.

Na san inda kwat ɗin zai je. Kowace rana za a doke shi da ciyawa, ya tashi ya yi rawa, manyan Bukares su yi tafi. Aksinte zai ji ana dariya a bayansa a can, ya rasa dalili. Ya saba. Amma da ɗumi a jikinsa.

Lahadi, 23 ga wata, da safe

Fada ya ce a kawo sunayen 'yan gida na addu'ar azumi, matattu daban, masu rai daban. A matattu ki fara da Aksinte, sai yaran nan da na binne, kin san su.

Kar ki ce mini komai. Abin da na faɗa a kan kabari, a gaban Allah na faɗa. In na janye, kwat ɗin zai zame daga kafaɗarsa.

A masu rai ki sa Paraskiva.

Ɗaga hannunki daga takardar, koana. Ba saura.